Shuɗin da Malam Haliru Bai Gani Ba

Shekara talatin da ɗaya Malam Haliru ya yi yana aikin ɗab'i a Lome, kuma a duk tsawon nan ba a taɓa dawo masa da aiki an ce launi ya kauce ba. A tsohon Zongo aka haife shi, ɗan wani farken goro da ya zo daga ƙasar Katsina ya zauna. Uban ya so ya gaje shi, shi kuwa tun yana saurayi ya bi wani ɗan unguwarsu zuwa Akra, ya fara da wanke inji, daga wanke inji ya koyi haɗa tawada, ya dawo gida da sana'a a hannu. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Faransancinsa na kasuwa ne, yana iya gane haruffa amma ba ya iya bin dogon rubutu. Idonsa ne jarinsa. Masu maɗaba'u a garin sun san shi, har akan ce in Haliru ya kalli kore ya ce kore ne, to magana ta ƙare.

A maɗaba'ar wani mutum da ake kira Mushe Dossavi yake aiki (Mushe kamar a ce Malam ne a Faransanci), wadda yawancin abin da take bugawa littattafan makaranta ne. Injin tsoho ne, ɗan ƙasar Jamus, launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda, saboda haka sau huɗu takarda take ratsa shi kafin hoto ya fito: shuɗi, ja, rawaya, sannan baƙi. A bakin kwamin tawada akwai jerin kusoshi. Ka matsa guda kaɗan, tawada ta ragu a wannan layin. Ka sassauta, ta ƙaru. Kafin a fara kowane aiki mai littafin yakan zo a buga masa falle guda, in ya gamsu ya sa hannu, kuma wannan fallen shi ne alƙali har aikin ya ƙare. Duk bayan falle ɗari biyar Malam Haliru zai zare guda daga inji, ya fita da shi bakin ƙofar baya inda hasken rana ke shigowa ba tare da ranar ta haska takarda ba, ya ajiye shi kusa da alƙalin, ya kalla. Daga nan ya koma ya taɓa kusa biyu ko uku. Damina takan kumbura takarda, zafi yakan tsinka tawada, ruwan inji yakan yi yawa, duk yana biye da su kamar yadda makiyayi ke biye da halin shanunsa.

Wanda ke tuƙa injin surukinsa ne, Muniru, mijin autarsa Asiyatu. Muniru ɗan Zongo ne shi ma, amma ya yi lakwal har ya sami takarda, shekarunsa talatin da biyu, mai sanyin hali, mai yawan shiru. Malam Haliru da kansa ya kawo shi wurin, ya koya masa inji, daga baya ya ba shi 'yarsa. Da yake shi ne mai karatu, shi ke karanta takardar oda, kuma duk ƙunshin aikin da aka gama shi ke sa hannu a kan 'yar takardar da ke cewa an duba, launi ya yi daidai. Malam Haliru ke dubawa, Muniru ke sa hannu. Haka suka saba shekara bakwai, babu wanda ya taɓa ganin aibun tsarin.

A damina ta shekarar 1978 babban aiki ya shigo. Wani kamfanin wallafa ya kawo littafin labarin ƙasa na 'yan firamare, kwafi dubu arba'in, ana so kafin a koma makaranta. Akwai taswirori a ciki, akwai tuta, a shafin farko kuma hoton shugaban ƙasa cikin kwat, yana murmushi kaɗan. A lokacin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, mutanen Zongo kuwa ba su cika ambaton sunan mutumin ba ko a cikin ɗakunansu. Mai Ƙasa suke cewa, su rage murya. Shekarar da ta gabata aka rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar gari, aka kwashe mutane zuwa wani fili can arewa wajen Agoè. Malam Haliru na cikin waɗanda suka kwashe ƙofofi da kwanon rufi a mota, yanzu kuma kullum sai ya bi motar haya mai nisa kafin ya iso wurin aiki. Bai taɓa cewa komai game da wannan ba, a gida ko a waje.

Matar da kamfanin ya aiko ta duba fallen gwaji ta daɗe a bakin ƙofar baya da tabarau a hanci. Da ta sa hannu sai ta ce wa Malam Haliru da yaren Mina, "Baba, abin da nake so ɗaya ne. Yaron da ke Dapaong can arewa da yaron da ke Aného a bakin teku, in malami ya ce su nuna masa kogi, su ga shuɗi iri ɗaya. Bara wasu sun buga mana taswira, rabin yara suna ganin daji rabi suna ganin hamada."

Ya ce mata ta kwantar da hankalinta.

Mako na farko aiki ya tafi lafiya. A tsakiyar mako na biyu shuɗiyar tawadar da suka saba da ita ta ƙare, jirgin da ake jira bai iso ba, Mushe Dossavi ya samo wasu gwangwanaye na wani kamfani dabam daga wani abokinsa. Malam Haliru ya buɗe guda, ya lakato da wuƙar tawada, ya shafa a farar takarda, ya kai bakin ƙofa ya duba. Ya ce babu bambanci. Aka zuba, inji ya ci gaba.

Da aka kai ga buga launi na ƙarshe a kan waɗannan fallayen, hoto ya fito gaba ɗaya, Muniru ya zare falle ya tsaya yana kallo. Ya rage gudun inji, ya zo inda surukinsa yake.

"Baba, ku duba wannan. Kamar shuɗin ya yi nauyi a fuska."

Malam Haliru ya karɓa, ya fita bakin ƙofa, ya jera shi da alƙalin. Ya duba goshi, ya duba kumatu, ya duba farin rigar ciki. Abu ɗaya ya gani sau biyu.

"Daidai yake."

"Baba, ni dai a idona..."

Masu naɗe takarda mata uku suna kusa, sun ɗago kai suna saurare. Malam Haliru bai ɗaga murya ba, don ba halinsa ba ne. Ya ce, "Malam Muniru, ranar da na fara duba launi ba a yaye ka ba. Je ka kula da inji, ka bar mini takarda."

Muniru ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku yi haƙuri, Baba." Ya koma ya ƙara wa inji gudu. Da yamma ya sa hannu a kan ƙunshin kamar kullum. Kwana shida suna aiki da wannan tawadar kafin tsohuwar ta iso. Kwafi wajen dubu goma sha biyar ke nan. Aka naɗe, aka ɗinke, aka sa bango, aka cusa a kwalaye gauraye da sauran, motoci suka kwashe.

Mako uku da buɗe makarantu, wata ranar Talata da hantsi, motar jandarmomi ta tsaya a ƙofar maɗaba'a. Mutum huɗu suka shigo, babbansu riƙe da littattafai biyu. Abin da aka ji daga baya shi ne, a wata makaranta can cikin ƙasa yara biyu da ke benci ɗaya suka buɗe littattafansu, ɗaya ya ce Mai Ƙasa na littafin wancan ba shi da lafiya, aji ya ɗauki dariya. Malami ya tsorata ya kai wa shugaban makaranta, shi kuma ya tsorata ya kai gaba. Kowa ya karɓa sai ya miƙa sama da sauri kamar garwashi, kowa kuma sai ya ƙara kalma guda. Kafin maganar ta iso Lome ta zama cewa an buga shugaban ƙasa da fuskar gawa.

Babban jandarman ya nemi takardun aikin, ya bi su da yatsa, ya tambayi wane ne mai wannan sa hannun. Muniru ya goge hannunsa da tsumma ya ce shi ne. Aka tambaye shi unguwarsu, ya ce Zongo. Jandarman ya kalli na kusa da shi, ya gyaɗa kai kamar wanda aka ba amsar da yake jira. Suka tafi da Muniru da Mushe Dossavi, suka ɗaure injin da sarƙa. Malam Haliru ya bi su har bakin mota yana cewa shi ne mai duba launi, da shi za a yi magana. Ɗayansu ya ture shi da gefen hannu, ba da ƙarfi ba, ya ce tsoho ya koma gefe.

Bayan kwana biyu aka sako Mushe Dossavi, don yana da ɗan'uwa a wani babban ofis. Muniru kuwa shiru. Maganar da ke yawo ita ce, 'yan Zongo ne suka huce haushin rushe musu unguwa.

Malam Haliru ya sami Mushe Dossavi a ofishinsa, ya ga ya rame a kwana biyun nan, leɓensa a kumbure. A kan tebur akwai littattafai biyu da aka bar masa. Malam Haliru ya zauna ya fara magana da zafi, yana cewa sharri ne, shi ya duba kowane ƙunshi da idonsa, in akwai wani abu to a makaranta aka ɓata littafin, ko ruwa ya taɓa shi, ko rana ta ci shi. Mushe Dossavi bai katse shi ba. Da ya gama sai ya buɗe littattafan biyu a shafin farko, ya tura masa.

"Duba, Haliru. Wanne ne mai kyau?"

Ya ɗauka ya kai bakin taga. Ya daɗe. Ya karkata su, ya matso da su, ya nesanta.

"Ai duk ɗaya ne."

Mushe Dossavi ya kira ɗaya daga cikin matan da ke naɗe takarda, wadda ta zo kwashe kayanta, ya ce ta nuna masa wanda ya lalace. Ko matsowa ba ta yi ba, daga bakin ƙofa ta nuna na hagu, ta kau da kai ta fita.

Malam Haliru ya ajiye littattafan a hankali. Sai abubuwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Shekara biyu ke nan yana faɗan cewa ƙwan lantarkin yanzu ba su da haske. Ya sa an sake shafa wa ɗakinsa farar ƙasa sau biyu yana cewa mai shafen ya cuce shi, ta fito rawaya. Da sallar bara ya saya wa matarsa zane ya ce mata baƙi ne, ta yi dariya ta ce shuɗi ne mai duhu, ya ɗauka tsokana ce.

Washegari ya tafi asibiti a Tokoin shi kaɗai, bai gaya wa kowa ba. Likitan ido ya haska masa fitila, ya nuna masa wasu katuna masu ɗige-ɗige, ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, ta daɗe tana girma. Ya ce irin wannan yanar takan sa mutum ya riƙa ganin duniya kamar ta cikin ruwan shayi, kuma shuɗi ne launin da ya fara ɓace masa, a hankali, har mutum ba ya sanin ya rasa wani abu. Ya tambaye shi sana'arsa. Da ya faɗa, likitan ya ajiye alƙalami ya dube shi. Malam Haliru ya roƙe shi ya rubuta masa abin da ya gani a takarda, ya buga hatimi.

Daga asibiti gidan Asiyatu ya nufa. Ɗaki biyu ne na bulo da ba a gama shafe ba, a sabon Zongo, inda har lokacin babu itace ko ɗaya mai inuwa. Tana da ciki wata bakwai. Kullum tun ranar da aka kama mijinta sai ta dafa abinci ta kai ƙofar inda ake tsammanin yana ciki, a karɓa a dawo mata da kwano, ba ta san wa ya ci ba. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Ya gaya mata komai, bai rage ba, har da ranar da Muniru ya kawo masa falle ya ce shuɗi ya yi nauyi, da amsar da ya ba shi.

Ta ce, "Ya gaya mini, Baba. A ranar ya gaya mini. Ya ce idonku ya fara gajiya, yana neman hanyar da zai faɗa wa maigida ba tare da an kunyata ku ba. Na ce masa ya bari a gama wannan aikin tukuna."

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki, ya ji tana jan tukwane.

Mushe Dossavi ya yi ƙoƙarin hana shi zuwa ya kai kansa wurin jandarmomi. Ya ce, "Ka zauna, Haliru. Ni na shiga wurin, na ga yadda suke. Ba gaskiya suke nema ba, mutum suke nema, kuma sun samu. Bari ɗan'uwana ya bi ta ƙasa, in ƙura ta lafa a fito da shi." Malam Haliru ya ce ba zai iya kwana a gidansa wani yana kwana a siminti saboda laifinsa ba. In mutum suke so, ga mai laifin ya kawo kansa. Limamin unguwa ma ya ce masa faɗin gaskiya ba ya zama asara. Malam Haliru ya ɗauki takardar likita, ya sa rigarsa ta Juma'a, ya bar wa matarsa wasiyyar abin da za a yi in bai dawo ba.

Kwana uku yana zaman benci a wani dogon baranda kafin a shigar da shi. Hafsan da ya same shi matashi ne, mai tsabta, yana jin Hausa irin ta kasuwa. Ya ba shi kujera. Ya karanta takardar likita har ƙasa, ya sake karantawa. Malam Haliru ya yi bayani dalla-dalla, yadda tawada ta ƙare, yadda aka kawo wata, yadda ya duba bai ga bambanci ba. Ya ce Muniru sa hannu kawai yake yi a kan abin da shi ya ce ya yi daidai. Hafsan yana rubutu yana gyaɗa kai, har Malam Haliru ya fara jin sauƙi a ransa.

"To shi Muniru, idonsa lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Yaro ne mai gaskiya. Shi ma ya gani, ya zo ya gaya mini shuɗin ya yi yawa, ni na kore shi. Laifin nawa ne ni kaɗai."

Alƙalamin ya tsaya.

"Ya gani?"

"Ya gani, ya faɗa mini."

"A wace rana?"

Malam Haliru ya faɗi ranar. Hafsan ya jawo wani fayil, ya fito da 'yan takardun da Muniru ya sa wa hannu, ya jera su a tebur, ya ƙirga shida daga wannan ranar. Ya ce, "Baba, kwana goma sha ɗaya muna tambayarsa, yana ce mana bai lura da komai ba, tawada ce. Mun kusa yarda." Ya mai da takardun cikin fayil. "Kai makaho ne, likita ya shaida. Ba a kama makaho don bai gani ba. Amma wanda ya ga fuskar shugaban ƙasa ta lalace, ya sani, ya sa hannu sau shida ya ce ta yi daidai, wannan me za a kira shi?"

Malam Haliru ya zame daga kujera ya durƙusa. Ya ce kunya ce, surukinsa ne, a al'adarsu yaro ba ya musu da uban matarsa. Ya ce a ɗaure shi a madadinsa, shi ya tsufa, ba shi da sauran amfani. Hafsan ya sa aka ɗaga shi, ya miƙo masa takardar da ya rubuta, ya ce ya dangwala yatsa a ƙasa. Ya ƙi. Aka kama hannun aka dangwala. Suka raka shi har bakin titi, ɗaya ma ya tsayar masa da mota.

Bai shiga motar ba. Da ƙafa ya taka har ya wuce Tokoin, rana na dukansa, bai san yana tafiya ba sai da wani direba ɗan unguwarsu ya gan shi ya ɗauke shi. Da ya isa bai iya zuwa wurin Asiyatu ba. Matarsa ce ta je ta gaya mata.

Bayan mako guda aka daina karɓar kwanon abinci. Aka ce an kai Muniru arewa, ba a faɗi gari ba. Ba a yi shari'a ba, babu takardar da ta ce ga laifinsa ko ga yawan shekarunsa. Kamfanin wallafa ya tattara kwafi dubu goma sha biyar ɗin daga makarantu, aka yanke shafin farko da reza, aka manna sabo da wata maɗaba'a ta buga. A wasu ƙauyuka littafin bai koma ba sai bayan hutun tsakiyar shekara, yara uku huɗu suna leƙen guda. An kwance wa Mushe Dossavi injinsa bayan wata biyu, amma aikin makarantu bai ƙara zuwa wurinsa ba, ya koma buga katin biki da takardun rasit. Bai kori Malam Haliru ba. Malam Haliru ne bai koma ba.

Asiyatu ta haifi namiji. Aka yi suna babu uba, ƙanen Muniru ya tsaya a madadinsa, aka sa wa yaron Sulemana. Malam Haliru ya sayi rago, ta karɓa ta yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. Tana gaishe shi kullum in sun haɗu, tana durƙusawa, tana tambayar jikinsa. Amma ta daina zama in ya zauna, kuma bai ƙara jin ta kira shi don ta ba shi labarin wani abu ba. Ya gwammace ta zage shi.

A shekara ta biyu aka yi masa aiki a idon dama. Ranar da aka cire bandeji, ya ga rigar ma'aikaciyar asibitin fara fat har tana ɗaukar ido, ya ga sama ta taga da wani irin shuɗi da ya manta akwai shi. Da ya koma gida ya sa aka nemo masa ɗaya daga cikin shafukan da aka yanke, wanda wata mai ƙosai ke naɗe kaya da irinsu a ɓoye. Ya kalla sau ɗaya. Ko yaron goye zai gani. Ya cusa shi a murhu, ya ƙi komawa a yi masa ɗaya idon.

Wata goma sha tara Muniru ya yi a tsare. An sako shi ne cikin wasu da aka yi wa afuwa a wani bikin ƙasa, aka sauke su a tasha ba tare da an gaya wa kowa ba. Ya iso Zongo da azahar, mutane ba su gane shi ba sai da ya yi sallama. Haƙoransa na gaba biyu babu, kunnensa na hagu ya daina ji, yatsu biyu na hannun damansa sun ƙage ba sa lanƙwasuwa. Bai ba kowa labarin inda ya zauna ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Kwana uku da dawowarsa ya zo gaishe da surukinsa. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa a gefen tabarma kamar da. Malam Haliru ya shirya maganganu da yawa a cikin watannin nan, amma da ya buɗe baki abin da ya fito kaɗan ne.

"Malam Muniru, ni na kai ka. Sau biyu na kai ka."

Muniru ya juyo da kunnensa mai ji, aka maimaita masa. Ya ce, "Sun karanta mini takardarku, Baba. Da farko na ji zafi. Daga baya na ce, mutumin nan da ƙafarsa ya zo." Ya kalli hannunsa. "Ni ma da na je wurin maigida a ranar, da ba a kai nan ba. Na ji nauyinku, na bar aiki ya lalace. Kowa ya ɗauki nasa."

"Ka yafe mini."

"Na yafe, Baba. Allah ya yafe mana."

Ya faɗa ne da murya ɗaya, ba sama ba ƙasa, kuma bai ɗago ido ba. Ya ƙara zama kaɗan, aka yi maganar ruwan sama da tsadar masara, ya yi sallama.

Hannunsa ba zai ƙara riƙe inji ba, kuma duk wata sai ya je ya nuna kansa a ofishin jandarmomi. Babu maɗaba'ar da za ta ɗauki mai irin sunansa. Ya gwada zama a rumfar wani abokinsa mai sayar da kayan keke a Adidogomé, sai abokin ya fara samun baƙin da ba sa sayen komai, suna tambaya kawai. Bayan wata biyar, wata ranar kasuwa, Muniru da Asiyatu da yaron suka bi ayarin mata masu kai kaya suka tsallaka iyaka ta Aflao, da ƙunshi biyu kamar masu zuwa biki. A Kumasi suka zauna, wurin wani kawun Muniru. Asiyatu ta zo ta yi wa uwarta sallama tun jajibiri. Ubanta yana masallaci a lokacin, ba ta jira shi ba.

Malam Haliru ya ƙara shekara shida a duniya. Ya kafa ɗan tebur a ƙofar gida yana sayar da goro da ashana, sana'ar da ya guje wa tun yana saurayi. Sau biyu masu maɗaba'u suka aiko a tambaye shi ko zai zo ya koya wa ma'aikatansu haɗa tawada, tunda ido ɗaya ya warke, ya ce a gaishe su. Duk shekara wasiƙa takan zo daga Kumasi da rubutun Muniru, wanda ya koyi riƙe alƙalami da hagu, ana karanta masa: suna lafiya, an sami ƙaruwar 'ya mace, Sulemana ya shiga makaranta, Asiyatu tana gaisuwa. Da ya kwanta ciwon ajali aka aika musu. Muniru ba shi da halin shigowa ƙasar. Asiyatu ta taso ita kaɗai, motarsu ta lalace a hanya ta kwana biyu, ta iso washegarin da aka binne shi. Ta yi kwana bakwai tana karɓar gaisuwa tare da uwarta, sannan ta koma.